Karatun Kasuwancin Tufafi da Ilimin Kwamfuta a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da sakamakon JAMB ya fito, iyaye da ɗalibai da teloli kan zo da tambayoyi kusan iri ɗaya a kan wannan fanni. An tattara waɗanda suka fi yawan maimaituwa a nan, kamar yadda masu su suka yi su.

Malam, wannan karatu ba koyon ɗinki ba ne kawai aka sauya masa suna?

A'a. Ɗinki yana ciki, amma ba shi ne jigo ba. Tela aikinsa ya mayar da yadi ya zama riga. Wanda ya karanci kasuwancin tufafi aikinsa ya san wace riga za a ɗinka, guda nawa, da wane yadi, a wane wata, a sayar wa wa, a kan nawa. Ana koya masa gane yadi da hannu da ido, ya bambance auduga zalla da wadda aka gauraya da roba, ya san shaddar da za ta riƙe ƙyallinta bayan wanki da wadda za ta koɗe. Ana koya masa awo da yankan fatan, wato takardar siffar riga da ake bi wajen yanka yadi, da yadda ake ɗaukar girma ɗaya a fitar da ƙarami da matsakaici da babba ba tare da an auna kowa ba. Daga nan sai lissafi: kuɗin saye, kuɗin dako, riba, kayan da suka kwanta, da lokacin da ya kamata a karya farashi. Akwai kuma tsarin shago, wato abin da za a rataye a bakin ƙofa da abin da za a ajiye a ciki, da yadda ake tallata kaya a waya.

Da yawa daga cikin telolinmu hannunsu ya fi na malaman da za su koyar da su. Inda ake barinsu a baya shi ne wajen lissafi da rubuta abu, kuma nan ne kuɗin yake zurarewa.

Shekarata goma ina sayar da atamfa a Sabon Gari. Me makaranta za ta ƙara mini?

Hajiya, bari mu yi lissafi ɗaya tare, da farashin misali. Kin je Kantin Kwari kin saro turmi 20 a kan naira 10,000 kowanne, kin sa farashin 12,000. A zuci ribarki 40,000 ce. To amma kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, da ɗan dako, da leda, da katin waya, idan aka raba su, a ce sun hau kowane turmi da 700. Jarin da kika zuba ya zama 214,000. Kin sayar da 17 kafin Sallah, kin karɓi 204,000. Uku sun kwanta saboda zanen ya fita yayi, bayan Sallah kika sallamar da su a 8,000, kika karɓi 24,000. Jimilla 228,000. Ribar gaskiya 14,000 ce, ba 40,000 ba. Kuma ba mu sa bashin da maƙwabciya ta ɗauka ta ce sai albashi ya shigo ba.

Wanda ba ya rubutawa ba zai taɓa ganin wannan giɓi ba, sai dai ya riƙa jin cewa ana ciniki amma kuɗi ba sa taruwa, har ya fara zargin yaran shago ko maƙiya. Abin da karatun ke sa wa mutum a jini shi ne ya rubuta kowane turmi ranar da ya shigo da ranar da ya fita. Bayan Sallah biyu ko uku, littafin da kansa zai nuna miki wane launi ne ke tafiya a wurin 'yan makarantar Samaru, wane ne matan cikin birni ke nema, kuma mako nawa kafin azumi ya kamata kaya su iso. Ba sai kin bar shago kin koma aji shekara huɗu ba. Gajeren kwas na lissafin kasuwanci da Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya ishe ki, ko kuma ki tura 'yarki ta yi cikakken karatun ta dawo ta riƙe miki littafi.

A ina ake yin wannan karatu a Zariya?

Ilimin a rarrabe yake a sassa daban-daban, sai ɗalibi ya zaɓi ƙofar da ta fi dacewa da shi, ya cike sauran da kansa.

A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, akwai sashen zanen kayan masana'antu a Samaru, kuma ɗaya daga cikin rassansa na zanen yadi ne: rini, saƙa, buga zane a jikin ƙyalle. Akwai reshen zanen talla da hoto a sashen guda. Wanda ya fi son kimiyyar zare da sinadaran rini, akwai karatun kimiyyar yadi da roba. Karatun tattalin gida yana da ɓangaren sutura da ɗinki. Ga kuma karatun harkokin kasuwanci da na kimiyyar kwamfuta, da cibiyar fasahar sadarwa mai sunan Farfesa Iya Abubakar.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ta gwamnatin Jihar Kaduna, da aka kafa a 1989, tana ba da difloma a fannin kasuwanci da na kwamfuta. Sai wata makaranta da mutanen gari da yawa ke wucewa ta gabanta ba su san darajarta ba, wato NILEST da ke Samaru, cibiyar tarayya ta kimiyyar fata wadda asalinta ya faro tun 1964. A can ake koyon jima ta zamani da ƙera takalma da kayan fata. Duk wanda ya san yadda mata ke neman jaka da takalmi su dace da leshi ya san cewa wannan ma kasuwar sutura ce.

Wanda yake son diflomar da aka ware musamman don zanen tufafi da fasahar sutura, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, tafiyar kusan awa ɗaya a mota. Kwasa-kwasai kan sauya suna ko sashe, don haka a duba kundin JAMB na shekarar kafin a cike fom.

Me ake buƙata kafin a samu gurbi, kuma shekara nawa ne?

Yawanci kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, har da Turanci da Lissafi, sannan jarrabawar JAMB da tantancewar makarantar. Sauran darussa uku sun danganta da sashen: na zane kan so a ga ɗalibi yana da hannu a zane, na kimiyyar yadi kuma sai da Kemistiri.

Ƙaramar difloma shekara 2 ce, sai shekara 1 ta aikin sanin makama, sai babbar difloma shekara 2, daga nan bautar ƙasa. Digiri shekara 4 ne a yawancin sassa, na injiniya 5. Mai difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu.

Wane ilimin kwamfuta ne zai yi mini amfani? Na ji ana ta ambaton manhajoji har kaina ya ɗaure.

Ɗana, kada yawan sunaye ya ruɗe ka. Fara da Excel ko Google Sheets, ko da kuwa shi ne mafi rashin armashi a cikinsu. Shafi ɗaya na awon masu kawo ɗinki: suna, tsawon riga, faɗin kafaɗa, hannu, wuya, ƙugu, tsawon wando, ranar karɓa, ranar alkawari, abin da aka biya, abin da ya rage. Wannan shafi kaɗai yana kashe rabin rigimar daren Sallah. Telan da ya san cewa kaftani huɗu yake iya gamawa a rana, idan ya duba ya ga ya riga ya karɓi na kwanakin da suka rage, zai iya cewa "Alhaji, ka yi haƙuri, na rufe karɓa," maimakon ya karɓa ya zo yana ɓuya ranar jajibere.

Na biyu hoto. Mafi yawan kayan da ake tallatawa a waya a garin nan hoton ne ke kashe su. An shimfiɗa shadda mai tsada a kan katifa, an ɗauka da daddare da fitilar caji, ruwan toka ya koma shuɗi. Mai saye ya karɓa ya ga launin ba shi ba ne, sai rigima. Koyi ɗauka da hantsi a inuwa kusa da ƙofa, a jikin farin bango, ka ɗauki ɗaya daga nesa, ɗaya kusa da zaren aikin wuya har a ga ɗinkin. Daga nan Canva don shirya talla, da WhatsApp Business don jera kaya da farashinsu, sai Instagram da Facebook da TikTok.

Na uku su ne na masu zane. CorelDRAW ya fi yawa a shagunan buga takardu na ƙasar nan, Adobe Illustrator kuma shi kamfanoni suka fi nema. Wilcom da ire-irensa su ne ake shirya zanen da injin aiki na kwamfuta ke bugawa a wuyan kaftani, kuma wanda ya iya shi ba ya rasa aiki a watan Sha'aban da Ramadan. CLO3D yana ɗinka riga a allo ya sanya wa mutum-mutumi, a ga zamanta kafin a sa almakashi a yadi. Yana da kyau ƙwarai, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma ba shi ne abin farawa ba.

Ba ni da laftof. Waya za ta wadatar?

A farko, e. Lissafi, hoto, talla da karɓar kuɗi duk waya na yi. Zanen fatan da na injin aiki kuwa sai kwamfuta. Kafin ka samu taka, yi amfani da ɗakin kwamfutar makaranta. Idan za ka sayi ta hannu, duba lafiyar batirinta kafin komai, don ka san halin wutarmu.

Mu a gidanmu ɗinkin hannu muka gada. Wannan kwamfuta ba ita ce za ta kashe mana sana'a ba?

Baba, wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci a wurina. Gaskiya ne injin ya ƙwace kasuwar kaftanin yau da kullum, abin da hannu zai yi a kwanaki yana bugawa cikin ɗan lokaci, kuma wannan kasuwa ba za ta dawo ba. Amma babbar riga ta aikin hannu irin ta Zazzau, aska biyu, aska takwas, malum-malum, ba ta cikin wannan gasa. Mai sayenta ba araha yake nema ba. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fada ranar hawan Sallah ya ga rigunan hakimai ya san cewa akwai masu biya.

Matsalar tana wani wuri ne. Dubi hannun da riga ɗaya ke bi. Mai riga ya sayi shadda da zare, tela ya yanka ya haɗa, mai zane ya zana aska da tambari a jiki, a kai wa mata a cikin gida su zauna a kanta makonni, wani lokaci watanni, suna bin layi da allura har ido ya yi ja, a kai wa 'yan bugu su buge ta ta yi sheƙi, sannan dillali ya ɗauka zuwa Kano ko Abuja. A cikin duk waɗannan, wadda ta fi daɗewa a kan rigar ita ce ta fi kowa ƙarancin rabo, kuma sau da yawa ba ta ma san nawa aka sayar ba. Wannan abu yana ci mini rai.

Ɗa ko jika ɗaya a gidan da ya iya lissafin kwanakin aiki da kuɗin zare, ya iya ɗaukar hoton da zai nuna cewa wannan aikin allura ne ba na inji ba, ya iya magana da mai saye a Legas ko Yamai ko Landan kai tsaye, zai iya sauya rabon nan gaba ɗaya. Akwai kuma aikin adana zane. Tsofaffin masu zane suna tafiya da abin da ke kansu. Yaron da zai zauna da su ya ɗauki hoton kowane zane, ya rubuta sunansa da na sassansa, ya sake zana shi a kwamfuta, ya yi wa gidanku da garin nan aikin da ba a biya da kuɗi. Sharaɗi ɗaya ne: ya koyi riƙe allurar shi ma, don wanda bai san wahalar aiki ba zai yi masa farashin banza.

'Yata ce ke so, kuma an sa ranar aurenta. Zai yiwu?

Zai yiwu, Alhaji, kuma yana cikin karatun da aure ba ya katse amfaninsa. Mata nawa ne a Tudun Wada da Gyallesu da cikin birni ke sayar da abaya da mayafi da kayan yara daga ɗaki, waya ce shagonsu, ɗan acaba ko mai Keke Napep ke kai saƙo? Wadda ta yi karatun za ta yi abin da suke yi, amma da littafi da tsari. Abin da nake roƙo shi ne a yi maganar karatun da mijin da iyayensa tun kafin ɗaurin aure, a fayyace wa zai biya kuɗin makaranta da na kayan aiki, don kwas ne mai cin yadi da zare da fenti kowane zango.

Masaƙun Kaduna sun mutu. Wane aiki mutum zai samu in ya gama?

Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kuma dubban gidaje a Kakuri da ma nan Zariya sun ji a jikinsu. Rashin wuta, tsadar man injin, tsofaffin injuna da kwararowar yadin waje mai araha su suka haɗu suka kayar da su. Duk wanda ya ce maka takardar za ta kai ka ofis a masaƙa bai gaya maka gaskiya ba.

Amma mutane ba su daina sa kaya ba. Saƙar ce ta koma waje, ɗinki da ciniki suna nan. Kowace makarantar firamare da Islamiyya tana son yunifom da hijabi, asibitoci na son kayan ma'aikata, kowane biki yana da anko, ɗaliban da ke kammala karatu suna buga riguna. Manyan shagunan yadi suna neman wanda zai riƙe musu lissafin kaya da shafin talla. Masu injin aiki suna neman mai shirya zane. Wasu kuma ilimin kwamfutar ne ke ɗaukarsu zuwa wani fanni dabam, kamar zanen talla ko nazarin alƙaluma. Mafi yawa dai kansu za su yi wa aiki, don haka tun ana makaranta a fara da ɗan abin da ya samu, ko hula goma ce, a yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC idan abin ya fara tsayawa.

Akwai wani tallafi ga wanda ba shi da hali?

Asusun NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rancen karatu marar ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne, a shiga da sanin haka. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da aka ƙaddamar a 2023, yana koyar da fasahohin kwamfuta kyauta ga waɗanda aka zaɓa. Ana neman duka biyun ta shafinsu na intanet. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka, ɓarawo ne.

Ga wuraren koyar da kwamfuta da ɗinki ko'ina a gari. Yaya zan gane na ƙwarai?

Idan difloma suka ce suna bayarwa, hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ita ke amincewa da irin wannan kwas, kuma tana wallafa sunayen makarantu da kwasa-kwasan da ta amince da su. A duba sunan kwas ɗin kansa, ba na makarantar kaɗai ba. Digiri kuma hukumar NUC ce, mai kula da jami'o'i.

Idan gajeren kwas ne na wata uku ko shida, takardar ba ta da nauyi sosai, hannun da za ka fita da shi ne abin dubawa. Je ka da rana tsaka ba tare da sanarwa ba. Ƙirga kwamfutocin da ke kunne da kekunan da ke aiki, ka ƙirga ɗalibai. Tambayi abin da ake yi idan an ɗauke wuta. Ka ce a nuna maka aikin waɗanda suka gama bara. Inda mutum shida ke leƙen allo ɗaya, malami na karanta musu daga littafi, kama gabanka.

Ina tsoron ciniki a intanet saboda 'yan damfara.

Tsoron yana da dalili. Wanda ya fi yawa shi ne alat na bogi: a turo maka saƙo ko hoton rasit kamar kuɗi sun shiga, ka saki kaya. Kada ka yarda da saƙo ko hoto, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka. Kada ka ba kowa lambar sirri ko lambar da banki ya turo maka, ko da ya ce daga banki yake. Sa wa WhatsApp ɗinka makulli mai mataki biyu, don idan aka ƙwace shi da sunanka za a roƙi abokan cinikinka kuɗi. In za ka aika kaya a tasha, ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, ka tura wa mai kaya lambar direba. Ware asusun kasuwanci daban da na cefane.

Kai ma akwai amanar da ke kanka. Kada ka ɗauko hoton rigar wani ka ce aikinka ne, kada ka sa hoton matar mutane da ta zo gwaji ba da izininta ba, kuma idan yadin kwaikwayo ne ka faɗa tun kafin a tambaya.

Lokacin aikin sanin makama, ina ya kamata in nema?

Shirin SIWES, wato sanin makamar da ake yi a tsakiyar karatu, wanda hukumar ITF ke kula da shi, wata huɗu ne ga 'yan ƙaramar difloma, ban da shekara ɗayan nan ta bayan kammalawa, a jami'a kuma yawanci wata shida. Ɗalibai da yawa kan nemi ofis mai fanka inda za a sa musu hannu a littafi su koma gida. Kada ki yi haka, 'yata. Nemi babban shagon yadi a Sabon Gari ko Kantin Kwari, ko gidan ɗinki mai ma'aikata da yawa da ke yin yunifom, ko wurin masu injin aiki. In da hali, ki sa lokacin ya haɗa da watannin gab da Sallah, don a nan ne za ki ga yadda ake saro kaya, yadda ake ba da bashi da karɓarsa, da yadda farashi ke motsi daga mako zuwa mako. Ki roƙi maigidan ya bar ki ki mayar da littafin kayansa cikin Excel. Idan kin gama, ki nemi izininsa ki cire sunaye da lambobin mutane, ki ajiye kwafin tare da hotunan aikinki, don shi za ki nuna wa duk wanda zai ɗauke ki aiki ko ya ba ki jari.